Dogon Kai a Babur ɗin Ilu

Babur ɗin Ilu ya yi wata biyar a zaure, lulluɓe da tsohuwar tabarma, kafin yayansa Maharazu ya yarda ya taɓa shi.

Su biyu kaɗai uwarsu ta bari. Gidansu ɗaya a Koki, rumfarsu ɗaya a Kasuwar Kurmi, inda suke sayar da saƙi da turkuɗi. Maharazu dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga zaurensa, kuma ba mai yawan magana ba ne. Ilu gajere ne mai faɗin kafaɗa, dariyarsa tana riga shi isa wuri. Duk layin an san tsarinsu. In masaƙa suka kawo kaya daga ƙauye, Maharazu ne ke aunawa da dogon hannunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamu ɗaya ke nan. In mai saye ya zo, sai Ilu ya miƙe da nasa hannun.

"Kai dai zauna," in ji masu saye, "yayanka muke so ya auna mana."

"Yaya yana lazimi, ba a katse shi," in ji Ilu.

A yi dariya, a yi ciniki, a ƙara wa mutum taƙi guda gyara, ya tafi yana murna.

Ilu ya sayi babur ɗin ne hannun wani Bature da zai koma gida, don zuwa Kura ɗauko baƙin zane wurin marina. Can ma ya yi aure tun da, ya auri Luba, 'yar wani marini, Malam Isiyaku. 'Yarsu ɗaya, aka sa mata sunan mahaifiyar su Ilu, saboda haka ba mai kiran sunan, sai Uwani. Kowace Juma'a da safe Ilu yakan ɗora ta a kan tanki, ta riƙe tsakiyar kan babur da hannu biyu, su tafi Kura gaida kakanni.

Da bazarar 1956 sanƙarau ya shigo unguwa. Kwana uku Ilu ya yi, ya rasu. Luba ta yi takaba a ɗakinta, da ta fita ta kwashe kayanta ta koma gidansu da yarinyar, tana shekara shida. Matar Maharazu ta daɗe da rasuwa, ba su haihu ba, bai kuma sake aure ba. Shekara goma sha ɗaya daga tukunyar Luba yake ci. Yanzu sai tsohuwar maƙwabciyarsu 'Yardada ta miƙo masa tuwo ta kan katanga. Ya ci a tsakar gida, ya wanke kwano da kansa, ya mayar ta kan katangar.

Rannan wani mai kawo baƙin zane daga Kura ya tsaya a rumfa, ya sauke kayansa, sannan ya ce yana da saƙo daga Malam Isiyaku.

"Wani falke na Agadas ya nemi Luba, an ba shi. Bayan Juma'a uku za su tashi. Ita ba ta son jan yarinya cikin wannan doguwar hanya, ta fi so ta bar ta wurin kakarta. Amma Malam ya ce su sun tsufa. Ya ce da Ilu yana nan, kowace Juma'a yana tsakar gidansu. In akwai wanda zai riƙa leƙowa haka daga dangin uba, yarinya ta zauna. In babu, ta bi uwarta."

Maharazu ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Na ji. Ka gaishe shi."

Ya san Agadas a bakin fatake kawai. Ya kuma san yarinyar da ta tafi can tana shekara shida, ba za ta dawo tana tuna wata ƙofa a Koki ba.

Juma'ar farko ya yaye tabarmar. Ya iya tuƙi, Ilu ya koya masa a fili bayan ganuwa, amma bai taɓa yin nisa ba. Kan babur ɗin gajere ne, a kwance, daidai mai shi. Da Maharazu ya zauna, gwiwoyinsa suka tokari hannuwansa, bayansa ya lanƙwashe kamar mai wanki a rafi. Bayan nasa kuwa, tun da ya faɗo daga soro wajen yaɓe, shekarun baya, bai koma daidai ba. Ya fita Ƙofar Na'isa, ya yi kamar mil biyu, ƙugu ya riƙe. A kan jaki aka dawo da shi, wasu mutum biyu suka turo babur ɗin a baya, rabin Koki na kallo. Juma'a ta biyu a kwance ta same shi. Akwai lori da ke zuwa Kura ran kasuwa, amma Malam Isiyaku ba zuwa ɗaya ya nema ba.

Ran Asabar ya dogara sanda ya tafi Ƙofar Wambai wurin Ɗantani bakanike. Ɗantani Bazazzagi ne, ya koyi kanikanci a soja lokacin yaƙin Bama, ya dawo da ƙafa ɗaya a sandare, don haka ba ya barin rumfarsa. Shi ke duba wa Ilu babur.

"A'a, Malam Maharazu! An ce ka fita a babur ka dawo a jaki. Na ce Bakano ke nan, ya ga jaki ba ya shan fetur."

"Ɗantani, kan babur nake so. Mai tsayi."

Ɗantani ya dube shi daga ƙasa har sama, ya bar wasan. Ya nuna masa turmi. "Zauna nan. Miƙe bayanka. Rufe ido, ka miƙa hannu inda ka ji ba ciwo."

Ya sauko da kawuna uku daga jikin azara. Na farko a kwance yake kamar na Ilu, ko kallonsa ba su yi ba. Na biyu ya tashi kamar taƙi ɗaya, sannan ya lanƙwaso baya wajen mai tuƙi. Na uku ya tashi taƙi biyu, ya buɗe kamar ƙahon saniyar Bororo. Wani maƙeri ne ya lanƙwasa shi saboda wani Bature likitan dabbobi da ya fi kowa tsayi a bariki. Ɗantani ya riƙa sa masa su a hannu ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan," in ji Maharazu, da na uku ya zo.

"Na tsakiyan ya fi maka. Wancan ya kai kafaɗa, kafin Tamburawa yatsunka sun mutu."

"Tun ina saurayi nake sunkuyawa. A ƙofa, a rumfa, a wurin gaisuwa. Wannan nake so."

"To, Sarkin Dogaye. Amma kai ba ya tafiya shi kaɗai. Waya uku ke binsa: ta birkin gaba, ta kuloci, ta totur. Na marigayi ba za su kai ba, sai an yanka sababbi. Turo min babur ɗin in auna a jikinsa."

Kowa a Koki ya san wannan babur. Duk wanda ya gan shi sai ya tsaya ya sake yin ta'aziyya, ya ba da labarin wata rana da Ilu ya ce kaza. Maharazu ba zai iya tura shi cikin mutane ba, ana tsayar da shi a kowace ƙofa.

"Zan ɗaura kan a gida, in auno maka."

"Ka iya?"

"Shekara talatin ina awo, Ɗantani."

"Awon zane daban. To ji. Juya kan har ƙarshensa hagu, ka auna, juya dama, ka auna, ka ɗauki wanda ya fi tsawo, ka ƙara masa ɗan saki. Kuma ka kula, ragowar wayar da nake da ita ta yanka ɗaya ce. Sabuwa sai bayan Salla jirgi zai kawo daga Ikko."

Lahadi bai fita kasuwa ba. Ya kwance noti huɗu da sifanar Ilu, ya cire tsohon kan. Robar mariƙin ta sha hannu har ta yi santsi, a dama akwai gurbin babban yatsa. Ya riƙe shi jim kaɗan, sannan ya kai ɗakin Ilu ya jingine bayan ƙofa. Ya ɗaura dogon. Ya bi hanyar kowace waya da igiyar rama, ya juya kai hagu, ya juya dama, ya ƙara saki, duk yadda aka gaya masa. Sannan ya ɗora igiyar a hannunsa, gwiwa zuwa yatsa, ya ƙirga. Sau biyu ya maimaita. Ya rataye igiyar a ƙusa, ya bar ta nan.

Litinin ya tsaya bakin rumfar Ɗantani. "Kuloci kamu uku. Totur kamu biyu da rabi. Birki kamu biyu da taƙi."

Ɗantani yana ƙarƙashin wani keke mai inji, ya maimaita lambobin daga can, ya ce ya dawo Laraba.

Laraba ya karɓo su, an naɗe su kamar gammo, an ɗaure kan kowace da dalma. Alhamis da hantsi ya sa su. Sun kai, amma da ƙyar. Sai da ya ja ta totur da ƙarfi kafin ta zauna, ta tsaya a miƙe kamar tsirkiya. Ya ce a ransa sabon abu ne, zai saki, kamar sabon takalmi.

Ya fito da babur lungu, ya buga. Ya zauna, ya miƙe bayansa, ya ɗora hannuwa can sama. Rabonsa da jin ƙugunsa shiru haka har ya manta. Ya tafi a hankali har kwanar gidan 'Yardada, ya karya kan hagu.

Injin ya yi kururuwa shi kaɗai, ba wanda ya murɗa shi. Babur ya zabura, ya daki katanga, ya kwanta, ƙafar baya tana ta juyawa a iska. Ƙasar bango ta zubo masa a wuya. Ya lalubi abin kashewa da ƙyar.

Daga cikin gida muryar tsohuwar ta taso: "Kai Ilu! Ban hana ka wannan wasan a ƙofata ba?"

Can ta ce a hankali, ba da kowa ba, "Innalillahi. Allah ya ji ƙansa."

Maharazu ya tashi zaune. Gwiwa ta ƙuje, wando ya yage, ba abin da ya karye. Ya ɗaga babur ɗin, ya juya kan hagu da hannu, ya ga yadda wayar totur take jan kanta. Gobe Juma'a ta uku.

Ya shiga zaure ya ɗauko igiyar ramar daga ƙusa, ya sa a aljihu, ya fara turawa.

Yadda ya zata, haka aka yi. Mai shayi ya tsayar da shi. Wanzami ya bar kan da yake aski ya fito. Wani baduku da ba su taɓa magana ba ya dafa tankin ya ce marigayi ya taɓa kai matarsa asibiti a kan wannan. Maharazu ya tsaya wa kowa, ya saurara, ya ce amin. Tafiyar da ba ta kai ta shan fura ba, sai bayan azahar ya isa Ƙofar Wambai.

"Wayarka ta gaza," ya ce.

"Wayata? Abin da ka faɗa na yanka. Kuloci kamu uku, ga shi." Ɗantani ya zare wayar ya ɗora a hannunsa. "Ɗaya. Biyu. Uku. Cif. Ko Kanawa sun sake lissafi ba a gaya mana ba?"

Maharazu ya fito da igiyar, ya ɗora a nasa hannun. Ɗaya, biyu, uku, cif. Ya shimfiɗa igiyar kusa da wayar a ƙasa. Igiyar ta wuce da taƙi guda.

Ɗantani ya dubi igiya, ya dubi waya. Ya kamo hannun Maharazu ya jera da nasa, gwiwa da gwiwa. Yatsunsa a tsakiyar tafin Maharazu suka ƙare. Ya fashe da dariya har da buga ƙafarsa mai lafiya.

"Kamu uku na wa? Haba Malam! Kai da kake cin abinci da wannan! Yaran Kurmi ma sun san hannunka ba na mutane ba ne. Ga igiya a gidanka, ka bar ta ka zo min da baki?"

Maharazu bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon hannuwan biyu.

"In na ce wa Ilu kamu uku," ya ce, "shi ke ƙarawa. Ban taɓa cewa da hannuna na auna ba. Ya sani."

Ɗantani ya saki hannun. Ya ɗauki tsumma ya goge yatsunsa, ko da yake ba abin da ya ɓata su.

"Ba sauran waya?"

"Na gaya maka. Ko rabin kamu. Nawa ma, ba naka ba."

"A yi mata ƙari."

"Wayar birki da ƙulli a tsakiya? Ka je ka faɗa kogin Calawa a ce Bazazzagi ya kashe Bakano? A'a." Ya zagaya babur ɗin yana jan ƙafa, ya tsuguna, ya auna gibin da yatsu, ya ɗaga kai ya dubi azara. "Taƙi ɗaya suka gaza. Sauko min da wancan."

Na tsakiyan ne, wanda ya ƙi ran Asabar.

"Zan sunkuya," in ji Maharazu.

"Kaɗan. Kamar mai gaida sa'ansa, ba kamar mai gaida hakimi ba. Ko ka jira jirgin Ikko ka zauna a miƙe. Zaɓi."

Maharazu ya dubi dogon kan. Sau ɗaya ya zauna a bayansa, tsawon lungu ɗaya. Ya karɓi sifana ya fara kwance notin da kansa.

Suka ɗaura na tsakiyan, suka mayar da wayoyi. Ɗantani ya buga injin, ya juya kan hagu har ƙarshe, ya juya dama har ƙarshe, yana kasa kunne. Sautin bai canza ba. Ya matsa birki, ya matsa kuloci, ya lanƙwaso kan baya kaɗan ya ɗaure.

"Ka ga, hannun gajere ya san abin da yake yi. In ka isa Tamburawa ka sauka ka taka ƙasa, ka miƙe, sannan ka ci gaba. Ba gudun fanfalaƙi ba ne."

Juma'a da sassafe ya fita Ƙofar Na'isa. Dawa ta kai ƙugu a gonaki. Ya wuce wurin da aka ɗora shi a jaki bai waiwaya ba. Bayansa yana magana, amma ƙasa-ƙasa. Ya sauka a Tamburawa ya taka ƙasa, ya sake sauka gaba kaɗan ƙarƙashin wata ɗorawa. Hanya duka ba wanda ya yi wa magana. Tankin da ke gabansa fenti ya goge a wuri ɗaya, inda ake zama.

Tun kafin ya karyo kwanar marina, Uwani ta ji ƙarar. Ta fito da gudu daga zauren Malam Isiyaku, ba ɗankwali, tana kiran "Baba! Baba!" Da ta ga wanda ke kai sai ta ja ta tsaya, ta sa yatsa a baki.

Ya kashe injin. "Uwata, ba gaisuwa?"

"Ina kwana, Baffa." Idonta na kan babur ɗin. "An canza masa kai."

"An canza. Wancan ya yi min gajarta."

"Ina na Baba?"

"Yana ɗakinsa. Na ajiye."

Malam Isiyaku ya fito, hannuwansa shuɗi har gwiwa irin na marina. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Bai tambayi Juma'a biyun da suka wuce ba; ya dubi yagaggen wandon da aka ɗinke a gwiwa, ya dubi yadda Maharazu ke sauka yana dafa ƙugu, ya dubi sabon kan. Daga bayan zana Luba ta gaishe shi, ya amsa.

Bayan masallaci, da aka ci abinci, Uwani ta zo ta tsaya jikin babur ɗin. Ya ɗaga ta ya ɗora a tanki, daidai inda fentin ya goge. Ta miƙa hannu biyu inda ta saba, ta kama noti da ƙarfe mai sanyi, don wannan kan ba shi da shimfiɗaɗɗen tsakiya irin na da. Ta ɗaga hannu sama wajen mariƙi, ta yi ta miƙewa. Ba ta kai ba.

"Saura kaɗan," ya ce. "Taƙi ɗaya."

"Ai da nisa."

Ya buɗe yatsunsa zai gwada mata, sai ya fasa. Ya laluba aljihu ya fito da igiyar ramar, ya ɗora daga kan yatsanta zuwa mariƙin, ya ƙulla a daidai wurin.

"Riƙe wannan. Duk Juma'a mu gwada, mu ga ko ƙullin ya matso."

Ta karɓa ta damƙe. Ya hau bayanta, ya buga injin, ya miƙa hannuwansa ta gefenta biyu. Ta rasa abin riƙewa, sai ta kama hannun rigarsa hagu da dama. Suka zagaya karofi, wurin rini, sau ɗaya a hankali, suka dawo.

Da la'asar ya yi sallama. Malam Isiyaku ya rako shi har bakin hanya, yana tafe yana kallon ƙasa.

"Kakarta ta riga ta gyara mata gado," ya ce. "Sai Juma'a ke nan, Malam Maharazu."

"In Allah ya kai mu."

Rana ba ta faɗi ba ya shigo Koki. Ya tura babur ɗin zaure, ya ɗauki tsohuwar tabarmar, ya tsaya da ita a hannu, sannan ya naɗe ta ya jingine. Kwanon 'Yardada yana kan katanga, a rufe da faifai. Ya ɗauko ya zauna a tsakar gida, ɗan sunkuye, ya ci shi kaɗai. A zaure injin yana ta ƙas-ƙas, yana hucewa.